CUTAR DA AKE ƊAUKA A ASIBITI

Mutum yakan je asibiti da ciwo ɗaya, ya komo gida da biyu, ko kuwa ya rasa ransa a kan ciwon da bai je da shi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a shekarar 2022 cewa a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, cikin majinyata 100 da aka kwantar, wajen 15 sukan kamu da wata sabuwar cuta a can. Babbar hanyar da cutar take bi kuwa ita ce hannu.

Wanda ya fara tabbatar da haka da lissafi shi ne Likita Semmelweis, mutumin Hangari, wanda ya yi aiki a babban asibitin Viyana. A asibitin akwai ɗakunan haihuwa biyu. Ɗaya na ɗalibai masu koyon likita ne, ɗaya kuwa na ungozomai. A ɗakin ɗalibai wajen mace 10 cikin 100 sukan mutu da zazzaɓin bayan haihuwa, amma a na ungozomai wajen 4 ne kawai. Abin ya dame shi ƙwarai.

A watan Maris na 1847 wani abokinsa likita ya mutu, bayan da wuƙar binciken gawa ta yanke shi a yatsa. Alamun ciwonsa sun yi daidai da na matan nan. Sai Semmelweis ya lura cewa ɗalibai sukan tashi daga kan gawa su wuce ɗakin haihuwa, su kuwa ungozomai ba ruwansu da gawa. Ya kafa doka, kowa ya wanke hannu da ruwan kulorin kafin ya taɓa mai haihuwa. A watan Afrilu mata 18 cikin 100 suka mutu. A watan Yuli, ba su kai 2 ba. Duk da haka likitoci da yawa suka ƙi maganarsa, har ya mutu a 1865.

Mu ma mun ga irin wannan a ƙasarmu. A 1969 aka kawo wata ma'aikaciyar jinya Jos daga garin Lassa, wanda yake cikin Jihar Borno yanzu, tana fama da wani baƙon zazzaɓi. Ta mutu, wadda ta yi jinyarta ita ma ta kamu ta mutu. A 1970 likitar da take binciken ciwon a Jos ta yanke hannu a kan gawa, ita ma ta rasu. Daga sunan garin nan zazzaɓin Lassa ya samo sunansa.

To, maganin abin ba shi da tsada. Mai aikin asibiti ya wanke hannu da sabulu da ruwa mai gudana, daƙiƙa 40 zuwa 60, kafin ya taɓa majinyaci da kuma bayan ya taɓa shi. Allura ɗaya, mutum ɗaya. Mai zuwa dubiya kada ya zauna a kan gadon mara lafiya, kada ya taɓa rauni, kada kuma ya kai ƙananan yara. Ruwan ƙwarya ɗaya da kowa yake tsoma hannu a ciki ƙara yaɗa cuta yake yi.

Akawuna, ku ne kuke rubuta kasafin kuɗi. Idan an zo rage kuɗi, kada ku fara da layin sabulu da ruwa na ɗakin shan magani, domin ungozoma ba za ta wanke hannu da abin da babu ba. Malamai kuma, ku ajiye buta da sabulu a ƙofar aji, ku ba yara labarin likitan Viyana. Cikinsu akwai ungozomai da likitocin gobe. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.