Gure: masu ɗaga mota da masu rage mata rufi

Wanda ya tashi daga Damagaram ya nufi gabas bisa hanyar Haɗin Kai, bayan tafiyar kilomita wajen 160 zai iske Gure a cikin ƙasar Muniyo. Kwalta ta zarce zuwa Gudumariya, Difa da Gigimi. Amma sauran hanyoyin da ke ciyar da garin yawancinsu rairayi ne: ta Kelle da duwatsun Kutus, ta Tasker da Tarmit, da na kwaruruka inda ake ɗauko kanwa da dabino. Saboda haka tsohuwar mota ba ta saurin mutuwa a nan. Sake mata kama ake yi.

Aikin makanikai ne da masu walda. Su samu tsohuwar Land Cruiser ko Land Rover mai rufi har baya, su yanke rufin daga bayan direba, su shimfiɗa wurin kaya. Su ƙara mata sifirin don ta ɗaga, su kafa mata shingen ƙarfe, wani lokaci har su musanya mata inji. Abin da mai mota yake biɗa biyu ne: cikinta ya yi nisa da rairayi, bayanta ya ɗauki buhu da mutum da akuya a tafiya guda.

A ƙasar Amurka akwai masu irin wannan sana'a, sai dai su ƙasa suke yi da mota. Abin ya samo asali ne a shekarun 1930, a kudancin jihar Kaliforniya, inda samari suke tsere bisa busassun tafkuna. Sun fi son Ford ta 1932 mai inji V8. Sukan cire duk abin da ke ƙara nauyi, su ƙara wa inji ƙarfi, su kira motar hotrod. Da suka lura iska ce ke tare mota mai dogon rufi, sai suka shiga rage shi. Bayan yaƙin duniya na biyu abin ya zama ado. Sam Barris da ƙanensa George sun yi suna da rage rufin Mercury, kuma wadda suka gyara wa Bob Hirohata, ƙirar 1951, an saida ta a 2022 kan fiye da dala miliyan 2, wato sama da miliyar 1 na kuɗin sefa.

Ya kamata masu karatu su san yadda ake wannan aiki, domin a nan darasin yake. Kafin zarto ya taɓa ƙarfe, sai an cire kujeru da gilasai, an tokare jikin motar daga ciki da sanduna, gicciye da tsaye. In ba a yi haka ba, da an ɗauke rufi jikin zai buɗe kamar ƙwaryar da ta tsage, ƙofofi su ƙi rufuwa. Sannan a auna, a yanke ginshiƙan da ke ɗauke da rufin, a cire santimita 5 zuwa 10 daga kowanne. To, ga inda wahalar take. Jikin mota ya fi faɗi a ƙasa, yana tsukewa zuwa sama. Idan an sauko da rufi, sai a iske ginshiƙan sama da na ƙasa ba su haɗu ba. Dole a karkata su, ko a tsaga rufin a ƙara masa ƙarfe. A cikin kowane ginshiƙi gwani yakan cusa wani ƙarfe kafin ya yi walda. Gilashin gaba mai leda a tsakiya yana yankuwa. Na gefe da aka gasa a masana'anta kuwa, da an sa masa wuƙa sai ya zube kamar tsakin gero, sai dai a yo sabo. Wanda zai shiga tsere da motar, dokar fili ta tilasta masa kafa kejin bututun ƙarfe mai kauri kewaye da direba.

Duk wannan hidima dalilinta guda ne: rufin mota ba inuwa kaɗai ba ne, yana cikin abin da ke riƙe jikinta, shi ne kuma ke tare kan mutane ranar da ta kife. Ba'amurke da ya rage santimita 8 yana kwana yana lissafi. Mu kuwa da muke cire rabin rufi ɗungurungum, sau nawa ake tokare abin da ya saura? Ga mota an ɗaga ta, ga kaya an jibga sama, ga mutane bisa kayan. Nauyi ya hau, ƙafafu ba su ƙara faɗi ba. Irin wannan mota, in ta bi gefen tudun rairayi a karkace, ko tayar gaba ta nutse, abu kaɗan ya rage ta faɗi. Shingen da aka yi da bututun famfo ko rodin gini yana riƙe buhu, ba ya riƙe nauyin mota.

Hana aikin ba shawara ba ce, don in babu waɗannan motoci, kasuwannin karkara da masu kai majinyata likita su ne za su sha wuya. Amma akwai abin da ya rataya a wuyan ma'aikata. Takardar mota, wato kart-giriz, tana faɗin irinta, da nauyin da aka yarda ta ɗauka, da yawan mazaunanta. Motar da aka yanke ta daina zama wadda takardar ke magana a kai, kuma ranar hatsari kamfanin asurans yana iya kafa hujja da wannan. Ya dace masu binciken lafiyar motoci su riƙa leƙa waldar ginshiƙai da ta shasi kamar yadda suke duba birki da fitilu, kuma cibiyoyin koyar da sana'a su sa tokare jikin mota cikin abin da ake koya wa yaran masu walda.