Jitar Lantarki Marar Nauyi: Abin Dubawa Kafin a Biya Kuɗi

A kasuwanninmu nauyi shaida ne. Mai sayen dutsen guga da mai sayen batirin mota kowa sai ya ɗaga ya jinjina, in ya ji abu sakayau ya ajiye ya ce jabu ne. Wannan ɗabi'a ta bi mutane har shagon kayan kiɗa, inda za ka ga saurayi ya ɗauki jitar lantarki, ya ji ta shafal, ya girgiza kai tun bai taɓa tsirkiya ko ɗaya ba. A harkar jita kuwa, wannan ma'auni yakan kai mutum ya baro.

Gibson Les Paul, wadda ta fito a Amurka a 1952, takan kai kilo 4 zuwa 4 da rabi, wasu na ƙarshen shekarun 1970 ma sun haura kilo 5. Stratocaster ta kamfanin Fender, 'yar 1954, takan tsaya wajen kilo 3 da rabi. Kilo ɗaya ba a bakin komai yake ba idan riƙon minti biyu ne. Amma a rataya shi a kafaɗa guda, a tsaye, na sa'o'i, kamar yadda makaɗan bukukuwa ke yi a Agadas da Yamai, ko masu kiɗan coci a Jos da Kaduna, to kafaɗa da gadon baya za su ba da labari. Tambayar da ke damun mai saye ita ce ko rage nauyi na rage daɗin sauti.

Tsirkiyar jitar lantarki ta ƙarfe ce. A ƙarƙashinta akwai 'yar na'urar da makaɗa ke kira fikof, wato maganaɗisu da aka naɗe da siririyar wayar jan ƙarfe wadda ba ta fi gashin kai kauri ba, zagaye wajen 8,000 a fikof ɗin Stratocaster. Idan tsirkiya ta kaɗa a saman maganaɗisun, sai 'yar wutar lantarki ta taso a cikin wayar, amfilifaya ta kambama ta, lasifika ta fitar. Motsin tsirkiya fikof yake ji, ba kukan katako ba. Shi kansa Les Paul, makaɗin da aka sa wa jitar sunansa, wajen 1940 guntun katako mai faɗin inci 4 ya samu, ya ɗaura masa wuya da tsirkiyoyi da fikof ya yi kiɗa. Ɓangarorin jikin da ya liƙa daga baya don idon 'yan kallo ne. A 2022 wani makaɗi a Nashville, Jim Lill, ya miƙe tsirkiyoyi a sarari babu gangar jiki sam, ya sa fikof a daidai mazauninsa, sautin ya fito dab da na cikakkiyar jita. Masu ƙera jita har gobe suna gardama a kan tasirin katako. A ganina yana da ɗan tasiri a kan daɗewar amon tsirkiya da yadda jitar ke rawa a jikin mai kaɗa ta, amma bai kai rabin yadda 'yan talla ke zuzuta shi ba.

Saboda haka abin tambaya shi ne ta wace hanya aka rage nauyin. Wasu da katako mai sauƙi suke farawa, irin su baswud da fofla da folowniya, ko okume na Gabon, ko obece da kafintocinmu suka sani sarai. Afara ma, wadda ake yanka a dazuzzukan kudancin Najeriya da maƙwabta, da ita Gibson ya ƙera Flying V da Explorer a 1958, ya raɗa mata suna Korina, yau kuma na asalin sai manyan masu kuɗi. Wasu kuma rarake cikin suke yi. Fender ya fitar da Telecaster Thinline a 1968 da rami a ciki saboda katakon ash marar nauyi ya yi wuyar samu, Gibson kuma tun farkon shekarun 1980 ya fara huda ramuka tara a jikin Les Paul ya rufe da katakon sama, mai saye bai gani ba. Akwai masu sirantar da jikin, kamar Gibson SG ta 1961, da masu fille kan gaba ɗaya, kamar Steinberger da Strandberg ta Suwidin. Parker Fly ta 1993, wadda Ken Parker ya ƙarfafa bayanta da zaren kabon, wajen kilo 2 ce kacal. Duk waɗannan hanyoyi ne na ƙwararru, babu ha'inci a ciki.

Inda ake samun matsala shi ne katako mai laushi da aka yi wa aikin gaggawa. Baswud da folowniya ba sa riƙe kusa da kyau. Kama maɓallin da ake maƙala maratayi ka murɗa da yatsa biyu. In yana juyawa ba ya tsayawa, ramin ya cinye. Tsinken sakace da ɗan gam na gyara wannan, amma alama ce ta ka duba sauran. Dubi jaki, wato ƙarfen da tsirkiyoyi suka hau a kan jikin: ƙafafunsa a tsaye suke ko sun fara karkata wajen wuya? Akwai tsaga a fentin da ke gefensu? Sannan ka roƙi mai shago ya kwance murfin baya, ka haska ramin da tocilan waya. Katako na gaske za ka ga zanensa a miƙe. In ka ga layi-layi na siraran fallaye da aka manne, to jikin na fallayen katako ne. Ba haramun ba ne, jitar Danelectro da allon garin katako aka yi fuskarta kuma makaɗi Jimmy Page ya yi kiɗa da ita, amma kada a karɓi kuɗin mahogani a hannunka.

Daga nan sai daidaito, wanda sikeli ba ya nunawa. Idan jiki ya yi sauƙi kai kuma ya yi nauyi, da ka saki hannu sai wuyan jitar ya sunkuya ƙasa. SG ta yi suna a wannan hali. Hannun hagu da ya kamata ya yi ta yawo a kan tsirkiya sai ya koma tallafe wuya, kafin dare ya raba wuyan hannu ya gaji fiye da yadda jita mai nauyi za ta gajiyar da shi. Kada ka gwada a zaune kawai, domin cinya na ɓoye wannan aibi. Sa maratayi, miƙe tsaye, saki hannu biyu, ka ga inda ta nufa. Maratayin fata mai faɗi da kaushin ciki yana rage zamewar, amma ba ya kawar da ita.

Wuya shi ne inda ya kamata ka ɓata lokaci, don fikof ana canza shi da ƙarfen liƙi da dalma cikin awa guda, wuya kuwa in ya lalace kusan jitar ce ta tafi. Ɗaga ta ka hango tsawon wuyan daga wajen kai, ido ɗaya a rufe. Ɗan lanƙwasa zuwa gaba daidai ne, haka ake so. Murɗewa, inda gefe ɗaya ya fi ɗaya tashi, ita ce abin gudu. Ajiye ta ko nawa aka rage maka. Sai ka danne tsirkiya mafi kauri a firet na farko da na ƙarshe lokaci guda, firet kuwa su ne ƙarafan nan da ke gicciye a kan wuya, ka duba tsakiya wajen na 7 ko na 8. Tazarar da ke tsakanin tsirkiya da ƙarfen kada ta wuce kaurin katin gayyatar biki. In ta yi yawa ko babu ita sam, akwai sandar ƙarfe a cikin wuyan da ake murɗawa a daidaita. Sa mai shago ya ɗan juya ta a gabanka. Wadda ta ƙi motsi, ko take juyawa fayau ba ta kama komai, ciniki ya ƙare.

A firet na 12, tsayin tsirkiya mai kauri daga ƙarfe ya zama wajen milimita 2, siririyar kuma wajen 1 da rabi. Bi kowace tsirkiya firet bayan firet har ƙarshe, kana sauraron zizar ƙarfe ko wurin da amo ke mutuwa da wuri. Aiki ne mai gundura, mai shago zai fara duban agogo, ƙyale shi. Da manhajar saita murya a wayarka ka gwada tsirkiya a sake, sannan a danne a firet na 12. Murya ɗaya ya kamata allurar ta nuna. Ƙaramin saɓani ana gyara shi a jaki. Ka kuma shafa gefen wuyan da tafin hannu. Jitar da aka haɗa a wuri mai laima, ko ta kwana biyu a Legas, idan ta sha hunturun Kano ko Damagaram katakon yakan tsuke, bakin ƙarafan ya fito yana karce yatsa. Mai gyara zai goge su da magagari mai laushi, sai dai a cire kuɗin aikin daga farashi.

Fikof iri biyu ne suka fi yawa. Mai naɗi ɗaya, irin na Stratocaster da Telecaster, sautinsa garau ne, mai kaifi, kowace tsirkiya a rarrabe. Shi ne a hannun Mdou Moctar, ɗan Nijar da ke kaɗa Stratocaster da hannun hagu, kuma ya dace da duk kiɗan da yatsu ke gudu a cikinsa. Aibinsa shi ne yana kwaso gurnanin wutar lantarki, wadda a Najeriya da Nijar take kaɗawa sau 50 a daƙiƙa. Don maganin wannan Seth Lover na Gibson ya haɗa naɗi biyu masu saɓa wa juna a 1955, gurnanin ɗaya ya kashe na ɗaya, aka sa wa Les Paul a 1957. Shi ake kira hambaka, sautinsa ya fi kauri da ƙarfi, ya ɗan rage kaifi. Wanda akasarin wasansa a kan janareto ne, a filin biki da wayoyi a warwatse, ya yi tunani a kan wannan da kyau. Jita mai hambaka a wajen jaki da masu naɗi ɗaya biyu a gaba, kamar yawancin Yamaha Pacifica, tana ba shi mafita ta kowane gefe.

Gwajin fikof ba ya buƙatar gwaninta. Jona jitar, ka riƙa matsar da makunnin zaɓi mataki-mataki, kana ƙwanƙwasa kan kowane fikof da makullin mota a hankali. Wanda ke aiki zai amsa da ƙas a lasifika. Murɗa maɓallan ƙara da na sauti daga farko zuwa ƙarshe, ka ji ko suna ƙarƙar. Girgiza kan waya a mazauninsa. Sannan ka saki jitar ka saurari gurnani, ka ɗora hannu a kan tsirkiyoyi. Ya kamata gurnanin ya ragu. In bai ragu ba, wayar da ke haɗa jaki da sauran kayan wutar ta tsinke, gyaran kuma ƙarami ne. In kuwa tsirkiya ta ɗan ja ka, cire hannu a kashe amfilifaya, laifin nata ne ko na wayoyin ɗakin, kuma irin wannan ya taɓa kashe makaɗa a kan dandamali. Fikof mai tsuwa da zarar an ƙara murya, naɗinsa ne ya saki don ba a tsoma shi cikin kakin zuma da kyau ba. Kada lambar da mitar mai gyaran rediyo ke nunawa ta ruɗe ka, wai wajen om 6,000 ga mai naɗi ɗaya, wajen 8,000 ga hambaka irin na da. Tana gaya maka wayar ba ta tsinke ba da kimanin yawan naɗi, ba ta san daɗi ba.

Wajen jin sauti, fara kaɗa ta ba a jone ba, don a nan ake kama ƙarar noti da ya kwance da amon da ba ya daɗewa. In an jona, mai shago zai so ya cika amfilifaya da amsa-kuwwa da gurzajjen sautin nan na 'yan rok, wanda ke rufa wa kowace jita asiri. Ce masa, “Maigida, a kashe min duka, a bar ta zalla.” Jita biyu kake kwatantawa, to amfilifaya ɗaya, waya ɗaya, ƙara ɗaya, domin kunne kullum wadda ta fi ƙara yake ba gaskiya. Tsatsar tsirkiya ma na dusashe sauti, kada ka yanke wa jita hukunci a kan tsofaffin tsirkiyoyi. Mai rarakakken ciki kuma ka ƙure mata murya ka tsaya gaban lasifika, ka ga ko za ta fara kuka da kanta, tunda a wurin biki haka za ka tsaya.

Sunan da ke rubuce a kai shi ne abu na ƙarshe da za ka yarda da shi. A Nuwamban 2024 jami'an kwastan na Amurka suka sanar da kama jabun Gibson sama da 3,000 a tashar jiragen ruwa ta Los Angeles, kuma ba can kaɗai ake kai su ba. Murfin sandar wuya na Les Paul ta gaske kusoshi biyu gare shi, jabu da yawa uku suke sawa. Squier da Epiphone, ƙananan layukan Fender da Gibson, sun fi Gibson ɗin ƙarya daraja nesa ba kusa ba. In kuma ta gwanjo ce, juya ta ka haska bayan wuya daidai inda kai ya fara. Jita irin ta Gibson kanta a karkace yake zuwa baya, katakon wurin siriri ne, faɗuwa ɗaya ke karya shi. Layin gam ko fentin da launinsa ya saɓa a nan na nufin an taɓa ɗora karaya. Ɗorin da ƙwararre ya yi yana riƙewa shekaru, amma kuɗinta ya faɗi ƙasa da na lafiyayya sosai, kuma a kan wannan farashin za ka fara tayi.