Kwana 20,000 ana ƙirar takobi guda: dokokin haɗa kayan sihiri a wasan Dungeons & Dragons

Wanda ke da ɗa ko jika a Amurka, Kanada ko Faransa, wataƙila ya taɓa jin yaron a waya yana cewa ya ƙera zoben ɓata, ko ya haɗa ruwan maganin da ke warkar da sara nan take. Kafin hankalin tsohuwa ya tashi, ga bayanin abin.

Wasa ne na kan tebur, sunansa Dungeons & Dragons, masu Faransanci kuma su ce Donjons et Dragons. Gary Gygax da Dave Arneson suka fito da shi a Amurka a 1974. Kayan aikinsa takarda, alƙalami da ƙwayoyi irin na lido, sai dai babbarsu fuska 20 gare ta. Mutum ɗaya ke jan labari kamar mai gatana, sauran kowa ya ɗauki jarumi guda yana faɗin abin da zai yi. Babu boka, babu turare, babu abin da ake sha ko a rataya. Ko a can Amurka, cikin shekarun 1980, wasu iyaye sun tsorata da shi, sun zaci tsafi ne. Takobin nan a baki yake, sai layi ɗaya a takarda.

To amma ko na baki ba a samun shi kyauta. Littafin mai jan labari na 2014 ya ce sai jarumi ya iya sihiri a cikin labarin, ya mallaki sirrin haɗin, matsayinsa kuma ya kai. Sannan kuɗi, wato tsabar zinariya ta cikin wasa. Ƙaramin kaya zinariya 100 ne, na gaba 500, sai 5,000, sai 50,000, gagarabadau kuwa 500,000, shi ma sai jarumin da ya kai mataki na 17 cikin 20.

Ga inda gizo ke saƙa: a wunin aiki na awa 8, aikin zinariya 25 kawai maƙeri ke iya ci. Ku lissafa da ni. Na 100 kwana 4. Na 5,000 kwana 200, an wuce damina guda ke nan. Gagarabadau kwana 20,000, kusan shekara 55! A fara da ƙuruciya a gama da furfura. Dokar ta yarda a yi gayya, kowane gwani ya zuba nasa 25 a wuni, amma ko mutum goma suka taru sai sun haura shekara 5.

Me ya sa wannan tsanani? Don in kowa na ƙera abin da ya ga dama, dodon labari ya zama kyanwa, kuma babu mai sake shiga kogo neman dukiya. Bugun shekarar 2000 ma har daga makin ƙwarewar jarumi yake yanka, kashi 1 cikin 25 na farashin kayan.

A 2017 littafin Xanathar's Guide to Everything ya sassauta. Ƙaramin kaya mako 1 da zinariya 50, gagarabadau mako 50 da zinariya 100,000. Sai dai ya ƙaro sharaɗi: dole a samo wani mahaɗi mai wuyar samu, galibi a wurin dabba mai haɗari, kuma girman kaya girman haɗarin. A ganina wannan ta fi, don yaran za su tashi su yi shawara, su yi tafiya tare, maimakon zaman ƙirga kwanaki.

Akwai kuma birki na ƙarshe. Manyan kayan da sai sun saba da mai su kafin su yi aiki, jarumi ba ya riƙe fiye da 3 a lokaci ɗaya. In ya samu na huɗu, sai ya saki guda, kuma mafi yawa abokin da ke gefensa ne ke tsinta.