Allon Zamani A Gidan Malami

Wanda duk ya san gidajen malaman makaranta da akawuna a ƙasar Funtua da Malumfashi ya san abin da ke faruwa da safe. Maigida ya saka wayarsa aljihu ya tafi aiki, shi ke nan gida ya zama kurma sai la'asar. In ya komo, kafin ya tuɓe riga yara sun yanyame shi, wannan zai duba darasi, wancan zai saurari karatu. Wayar nan kuwa ita ce bankinsa, cikinta albashi ke shiga.

Saboda haka ne muka ga waɗansu, in kaka ta yi sun kai masara ko waken soya kasuwar Dandume ko Bakori, su kan ware wani abu su sayi kwamfutar nan mai kamar allo, wadda samari ke kira tab, su aje ta a gida. Ba mai tsada muke nufi ba, irin ta masu hannu da shuni. Muna nufin ta talaka, kamar ta itel da 'yan'uwanta.

Shin ta cancanci kuɗinta? Mu dai a ganinmu ta cancanta, in mutum ya san abin da ya saya.

Masu karatu za su tuna watan Satumba na 1921 ba kome ba ne a gare mu, amma na 2021 ba mai mantawa. A cikinsa aka rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda 'yan bindiga, har da Funtua da Malumfashi da Bakori, ba a fara buɗewa ba sai Disamba. Waya ta zama fitila kawai. Amma wanda ya riga ya zuba littattafai da karatun Alƙur'ani da tsofaffin tambayoyin jarrabawa cikin allonsa, bai rasa kome daga cikinsu ba, gama abin da aka aje ciki ba ya bukatar layi. Nan amfanin allon yake: ɗakin karatu ne, fuskarsa da faɗi, dattijo ya karanta ba tare da ya matse ido ba, yara uku su kewaye shi a tabarma guda.

Sa'an nan ga batun JAMB. Tun da daɗewa kakanninmu ke riƙe alƙalami, amma tun 2015 da kwamfuta kaɗai a ke yin wannan jarrabawa. Yaron Kafur ko Danja wanda bai taɓa ganin tambaya a fuskar na'ura ba sai ranar, lalle ya shiga da rawar jiki. Amma fa mu yi gargaɗi: shafa da yatsa dabam, danna maɓallai dabam. A haɗa wa allon 'yar faranti ta maɓallan rubutu, tana da araha, yaro ya saba da ita.

To, araha ba ta ado. Ƙwaƙwalwar irin waɗannan alluna ƙarama ce, in aka cika su da wasanni sai su yi ta jan ƙafa. Akwai kuma na jabu, watau abin da aka rubuta a kwali dabam, na ciki dabam. Mai saye ya sa a kunna a gabansa, ya duba girman ma'ajiyar da idonsa, ya karɓi rasiɗi. Tun da darajar naira ta faɗi a 2023 kome ya hau, malami kuwa ba shi da kuɗin saye sau biyu.

Ba lalle ne a saka masa layi ba. In maigida ya komo, ya ba shi intanet daga wayarsa, a sauko da abin da a ke bukata, a rufe. Da haka uba ya san abin da ya shiga. Kada kuwa a saka masa manhajar banki ko kaɗan.

Zafi shi ke kashe batir. Lokacin bazara kada a bar shi bisa taga ko ƙarƙashin matashi yana caji, in kuwa an ga bayansa ya soma kumbura, a daina jona shi, a kai wa mai gyara.