Allurar Mura: Inda Masu Ƙorafi Suke da Gaskiya, da Inda Labari Ya Karkace

Duk shekara, da sanyi ya fara kunno kai a Ingila da Amurka, ko maniyyata suka fara zirga-zirgar katin allura kafin tafiya Hajji, sai zancen rigakafin mura ya dawo bakin mutane. Wata ta ce hannunta kwana biyu bai ɗagu ba. Wani ya ce daren da aka yi masa da zazzaɓi ya kwana. Wani kuma ya rantse bai taɓa murar da ta kayar da shi ba sai makon da ya karɓi allurar. Na yarda da akasarin waɗannan labarai, don abin da mutum ya ji a jikinsa ba a yi masa musu a kai. Inda nake da ja shi ne fassarar da ake yi musu, da gishirin da ake ƙara musu kafin su zagayo cikin saƙon murya a WhatsApp.

Allurar nan ba kowace mura take tarewa ba. Yoyon hanci da atishawar da muke fama da su lokacin hunturu, ƙwayoyin cuta iri-iri ne ke kawo su, sun haura 200. Allurar kuwa an yi ta ne don cuta guda, infuluwenza, wadda ke zuwa bagatatan da zazzaɓi mai zafi, ciwon gaɓoɓi, busasshen tari da kasalar da kan kwantar da ƙato mako guda. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa tana kashe mutum 290,000 zuwa 650,000 a kowace shekara ta hanyar ciwon numfashi. Infuluwenzar ce kuma ta yi annobar 1918, wadda ta ci rayuka aƙalla miliyan 50 a duniya, ba ta bar Najeriya ba. A Najeriya allurar ba ta cikin jerin waɗanda ake yi wa yara kyauta a asibitocin gwamnati, shi ya sa yawancin mutanenmu sai a ƙasar waje ko a shirin aikin Hajji suke gamuwa da ita. Ma'aikatar Lafiya ta Saudiyya tana ba alhazai shawarar yin ta, musamman tsofaffi da masu juna biyu da masu ciwon da ya daɗe, ko da yake ta sanƙarau ce wadda ba a shiga sai da ita.

Wanda ya ce hannunsa ya yi tsami, ya yi ja, ko ya ɗan kumbura, gaskiya ya faɗa, kuma wannan shi ne abin da ya fi faruwa. Wanda ya ce ya ji ciwon kai, ɗumin jiki, ciwon tsoka da gajiya, shi ma gaskiyarsa. Garkuwar jiki ce ta ga baƙon abu ta tashi aiki, kuma cikin kwana ɗaya zuwa biyu komai kan lafa. Tsofaffi da suka kai 65, waɗanda a wasu ƙasashe ake yi wa mai ƙarfi da ta ninka ta gama-gari sau huɗu, sukan ɗan fi jin jiki. Akwai kuma masu suma bayan kowace irin allura, musamman matasa, saboda fargaba. Yana ɓata mini rai in ji ma'aikacin lafiya ya ce wa mutum "ba ta yin komai." Idan mutumin ya kwana yana rawar sanyi, gobe ba zai ƙara yarda da maganar asibiti ba, kuma shi ne zai zama mai yaɗa labari a majalisa. Da an gaya masa tun farko cewa zai iya jin jiki na kwana biyu, ya sha farasitamol ya huta, da bai tsorata ba.

Sai babbar magana: "Allurar ce ta sa mini murar." Wannan ba zai yiwu ba. Allurar da ake yi a damtse ba ta ɗauke da rayayyar ƙwayar cuta. Ko dai an kashe ƙwayar, ko wani ɗan ɓangare na fatarta kawai aka ciro, kuma irin wannan ba ya hayayyafa a jiki. To me ya faru da wanda ya kwanta bayan an yi masa? Jiki yana buƙatar kimanin mako biyu kafin kariya ta kankama. Wanda ya ɗauki cutar kwana ɗaya kafin allura, ko a cikin layin asibitin ma, zai kwanta kamar ba a yi masa ba. Ga kuma sauran ƙwayoyin mura da allurar ba ruwanta da su. Tarin nan da alhazai ke dawowa da shi daga cunkoson Mina da Harami, sau da yawa irin waɗannan ne ke kawo shi. A ƙasarmu akwai ƙarin abin lura: zazzaɓin da ya wuce kwana biyu bayan allura, a je a gwada jini, don zazzaɓin cizon sauro ba ya jiran mutum ya gama da allura. Ɗora laifinsa a kan allurar, a zauna a gida ana jiran ya wuce, haɗari ne na gaske.

Akwai wani nau'in da ake fesa wa yara a hanci, irin wanda ake yi a makarantun Ingila. Shi yana ɗauke da rayayyar ƙwaya amma an raunana ta, yakan kawo toshewar hanci da ɗan zazzaɓi, ba ya kaiwa ga cutar. Ba a ba masu juna biyu shi, haka waɗanda garkuwar jikinsu ta yi rauni sosai.

A kan wannan na feshi ne wata jita-jita ta zama gaskiya. Iyaye Musulmi a Ingila sun ji cewa akwai sinadarin jelatin da aka samo daga alade a cikinsa, kuma haka ne, hukumomin lafiya na can ba su ɓoye ba. A 1995 wani taron malamai da likitoci a Kuwait ya yi fatawar cewa jelatin ya rikiɗa daga asalinsa har ya halatta, wasu malaman kuma ba su gamsu ba. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba yana da mafita: alluran damtse da ake yi a Ingila ba su da wannan sinadari, kuma ana yi wa yaron da iyayensa suka nema. Kuskuren da ake yi shi ne ɗaukar hukuncin feshin a shafa wa kowace allurar mura.

Masu cewa "an yi mini amma duk da haka na kamu" su ma ba ƙarya suke ba. Ƙwayar infuluwenza tana sauya kama kullum. Tun 1952 Hukumar Lafiya ta Duniya ke da ɗakunan gwaji a ƙasashe da dama suna bibiyarta, kuma masana kan zauna a Fabrairu su zaɓi nau'o'in da za a sa wa allurar arewacin duniya, a Satumba kuma ta kudanci. Hasashe ne ake yi watanni kafin kaka, wani lokacin a dace, wani lokacin ƙwayar ta zille. A shekarar da aka dace, allurar kan rage haɗarin kamuwa da kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari. Wannan bai kai na allurar ƙyanda ba ko kusa. Sai dai ga dattijo mai ciwon sukari ko mai asma, rage yiwuwar kwanciya a asibiti da ciwon huhu ba ƙaramin abu ba ne. Wannan sauyin kamar, da raguwar kariya bayan watanni, su ne dalilin maimaita ta duk shekara.

Batun shanyewar jiki yana da tushe, kuma ya kamata a faɗe shi yadda yake. A 1976, bayan mutuwar wani soja a sansanin Fort Dix, gwamnatin Gerald Ford a Amurka ta yi wa mutane sama da miliyan 40 allurar murar aladu. Sai aka ga ƙaruwar wani ciwo da ake kira Guillain-Barré, inda garkuwar jiki ke juyawa kan jijiyoyi, rauni ya fara daga ƙafa ya hau sama. An samu ƙarin kusan mutum ɗaya cikin kowane 100,000, aka dakatar da shirin a Disambar shekarar. Da alluran yanzu, ƙiyasin bai wuce ƙarin mutum ɗaya ko biyu cikin miliyan ba, kuma ita infuluwenzar kanta ta fi allurar jawo wannan ciwo. Haka a annobar infuluwenza ta 2009, allurar Pandemrix ta jawo wa wasu yara a Finland da Sweden ciwon barci mai kama mutum ba shiri. An gano, an daina amfani da ita. Ban kawo waɗannan don tsoratarwa ba. Mai ɓoye su shi ke ba masu jita-jita makami, kuma a duka biyun masu sa ido na hukumomin lafiya ne suka tabbatar da matsalar da alƙaluma.

Wadda ba ta da tushe ko kaɗan ita ce maganar hana haihuwa ko zubar da ciki. Na san inda tsoron ya samo asali. Kano ba ta manta 1996 ba, lokacin da kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara masu sanƙarau, yara 11 daga cikin kusan 200 suka rasu. Wannan tabon na cikin abin da ya rura ƙin allurar shan inna a 2003. Amma Trovan magani ne na kashe ƙwayar cuta, ba rigakafi ba ne, kuma allurar mura an gwada ta a kan masu ciki a fili, a Bangladesh, a Afirka ta Kudu, har da nan kusa a Bamako, inda mata sama da 4,000 suka shiga binciken da aka wallafa a 2016. Abin da aka gani shi ne uwa tana miƙa wa jaririnta kariya ta mabiyiya, wadda ke tsare shi a watannin farko, lokacin da shi ba a iya yi masa allurar sai ya kai wata shida. A 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa masu juna biyu a sahun gaba na waɗanda suka fi buƙatarta, don ciki yana takura huhu, infuluwenza kuma ta fi yi wa mai ciki mugun kamu.

Wasu kan ce duk wanda ƙwai ba ya karɓarsa kada ya kusanci allurar, tunda akasari a cikin ƙwan kaji ake renon ƙwayar. Wannan tsohuwar doka ce da aka sassauta. Tun 2023 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ce irin waɗannan mutane za su iya karɓar kowace da ta dace da shekarunsu. Mummunan borin jini bayan allura yana faruwa, amma kusan sau ɗaya cikin miliyan, kuma yawanci cikin mintuna yake bayyana, shi ya sa ake so a ɗan zauna a asibiti kamar minti 15 kafin a tafi. Kumburin fuska ko leɓe, shaƙewar numfashi, ko ƙuraje masu ƙaiƙayi da suka feso a jiki duka, a kira ma'aikaci nan take. Wanda irin haka ta taɓa samunsa da allurar mura, ko ya taɓa yin Guillain-Barré cikin mako shida bayan ta, ya faɗa wa likita kafin a sake.

Akwai ƙorafi guda da ba a cika saurara ba, alhali na gaske ne: kafaɗar da ta yi makonni tana ciwo har mutum ya kasa sa riga. Wannan yakan faru idan mai allurar ya soka ta can sama kusa da gaɓar kafaɗa maimakon tsakiyar tsokar damtse. Matsalar daga wurin sokawa take, ruwan allurar ba shi da laifi. Shi ya sa ya fi kyau a zo da riga mai faɗin hannu, ko a cire hannun rigar gaba ɗaya, maimakon jan wuyan riga ƙasa a bar saman kafaɗa kawai a buɗe. Idan ciwon ya wuce mako bai sassauta ba, a koma asibiti a duba, don yana da magani.