Mai jan tirela a hanyar Difa: madubi da kyamara, idanun baya

Daga ƙarshen shekara zuwa farkon bazara, duk wanda ya bi kwarin Komadugu zai iske jan tattasai shimfiɗe a rana kamar an zuba garwashi. Wannan ne lokacin da manoman Shetimari da Geskeru da sauran garuruwan bakin kogi suke ɗure buhunansu, motoci kuma suke kai-da-kawo tsakanin gonaki da kasuwar Difa. A cikin motocin nan akwai masu jan wani abu a bayansu: tarakta da tirelarta, mota mai buɗaɗɗen baya da tankin ruwa, motar ma'aikata da injin wuta, da kuma manyan tireloli masu zuwa daga Damagaram. Dukansu matsala ɗaya ta haɗa su. Direba yana ganin gabansa sarai, amma abin da ya ɗaura a baya ya rufe masa ido.

Hanya ɗaya, jama'a da yawa

Babbar hanya mai lamba 1, wadda ake kira Hanyar Haɗin Kai, ita ce jijiyar jihar Difa. Ta taso daga Yamai, ta ratsa Doso da Maraɗi da Damagaram da Gure da Maine-Sorowa, ta iso Difa bayan tafiyar fiye da kilomita 1.300, sa'an nan ta zarce N'Gigmi. Ɓangarenta na gabas, daga Gure zuwa N'Gigmi, an gina shi ne a shekarun 1970 da taimakon ƙasar Kanada. A wancan zamani motocin da ke bin ta kaɗan ne.

Yau lamarin ya sake. Tun da aka soma haƙo man Agadem, aka kuma buɗe matatar Damagaram a 2011, manyan motoci masu ɗauke da bututu da injuna da ɗakunan kwanan ma'aikata suka yawaita a wannan yanki. Sa'an nan hare-haren da aka kai wa Boso da Difa ran 6 ga Fabrairu 2015, da waɗanda suka biyo baya, suka raba mutane fiye da 200.000 da gidajensu. Da yawa daga cikinsu sun kafa bukkoki a gefen kwalta, domin nan ne taimako ya fi saurin iso musu. Ambaliyar Komadugu ta 2019 da ta 2022 ita ma ta tura waɗansu zuwa tudu, kusa da hanya. Saboda haka bakin hanyar ya zama unguwa: yara da tulunan ruwa, mata da itace a ka, amalanken jaki, garken shanu da raƙuma. Wanda ke tuƙi a irin wannan wuri ba tare da ganin gefensa da bayansa ba, da rayukan mutane yake wasa.

Dalilin da madubin mota ba ya isa

Maƙerin mota ya auna madubinta ne bisa faɗin jikinta. Mota mai buɗaɗɗen baya, irin wadda ma'aikatu da ƴan kasuwa suka fi amfani da ita, faɗinta bai wuce wajen mita 1,80 ba. In aka ɗaura mata tirela mai faɗin mita 2,40, to, tirelar ta fito da santimita 30 a dama, 30 a hagu. Direba in ya duba madubin gefe, gaban tirelarsa zai gani maimakon hanya. Madubin ciki kuwa, wanda ke bisa gilashin gaba, ya zama na ado kawai. Haka abin yake in an yi lodin buhuna har suka leƙo waje, ko da tirelar kanta ba ta da faɗi.

Abu na biyu shi ne kwana. Tayoyin tirela ba su bin sawun tayoyin mota daidai; suna yanke kwana ta ciki. Gwargwadon tsawon tirela, gwargwadon yankewar. Mai keke ko yaron da ke tsaye a kusurwar titi yana iya ganin mota ta wuce shi lafiya, bai ankara ba sai tayar tirela ta iso kansa. Madubin da ke nuna tayar baya shi ne kaɗai zai faɗakar da direba.

Na uku shi ne wuce wata mota. Mai jan tirela yana bukatar sanin lokacin da wutsiyarsa ta gama wuce wanda ya sha gabansa kafin ya koma hannunsa na dama. In ya yi ƙiyasi da ka, wata rana ƙiyasin zai ci amanarsa.

Abin da dokoki suka tanada

Yarjejeniyar Biyana ta 1968 kan zirga-zirgar motoci, wadda Nijar ta shiga, ta wajabta wa kowace mota madubi ɗaya ko fiye, da yawa da girma da matsayin da za su ba direba damar ganin abin da ke tafe a bayansa. Ma'anar wannan a fili take: abin da ake nema shi ne gani. Madubin da tirela ta tare bai cika sharaɗi ba, ko da yana nan maƙale.

Ƙa'ida mai lamba 14 ta shekarar 2005 ta ƙungiyar UEMOA ta ƙayyade faɗin motar kaya a mita 2,55, tsayinta sama a mita 4, tsawon mota da tirelarta mai hawa kan gindi a mita 16,50. Lodin da ya zarce wannan faɗi ya saɓa wa doka, ya kuma kashe amfanin kowane madubi.

A ƙasashen Turai, inda jama'a suka saba jan ɗaki mai tayoyi zuwa wuraren hutu, an yi wa abin awo. A Ingila, alal misali, dole ne direba ya iya ganin fili mai faɗin mita 4 a kowane gefe, a nisan mita 20 a bayansa. Madubin ƙari kuma kada ya zarce gefen abin da ake ja da fiye da santimita 25, a kuma cire shi in an kwance tirela. Wannan awo yana da amfani a ko'ina, domin ido ɗaya ne a Landan da Difa.

Yadda ake zaɓen madubin ƙari

Madubin ƙari iri-iri ne. Akwai mai ɗaurin roba wanda ake naɗawa a jikin madubin mota. Yana da araha da sauƙin sawa, amma zafin rana yana busar da robar har ta tsinke, kuma yana rawa a hanya mai gargada. Akwai mai manne wa gilashi da tsotson iska. Ƙura da zafi suna sa shi saki. Akwai mai maƙata ta ƙarfe da ake ɗaurewa da noti a bakin madubi; ya fi waɗancan biyu tsayawa. Sai kuma mai dogon hannu wanda ake kafawa a jikin ƙofa, wanda ya fi dacewa da tarakta da motar da jan tirela ne aikinta na kullum. A hanyoyin yashi da burji na kwarin Komadugu, na ukun da na huɗun su ne za su jure. Madubin da ke karkarwa ba ya nuna komai sai inuwa.

Sai a dubi gilashin. Miƙaƙƙen gilashi yana nuna nisa yadda yake, amma filinsa ƙunci ne. Gilashi mai doro yana kwaso fili mai faɗi, amma yana ƙanƙanta abubuwa, har motar da ke kusa ta zama kamar tana nesa. Direbobi da yawa suna sa miƙaƙƙe a hagu, wajen da ake auna saurin mai son wucewa, su sa mai doro a dama, wajen masu ƙafa da dabbobi. Mafi kyau shi ne madubi mai gida biyu: babba a sama, ƙarami mai doro a ƙasa yana kallon taya. Wanda ke da harafin E cikin da'ira a bayansa, an gwada shi bisa ƙa'idar ƙasa da ƙasa, kuma gilashinsa ba ya tarwatsewa kamar na madubin ɗaki. Yanko madubin kwalliya a ɗaure da waya ba dabara ba ce. Araha ba ta ado.

Gwajin madubi ba ya bukatar kuɗi. A tsayar da mota da tirela a miƙe. Direba ya zauna yadda yake tuƙi. Yaron mota ya yi taku 20 manya zuwa baya, sa'an nan ya yi taku 4 zuwa gefe. In direba yana ganinsa tun daga jikin tirela har inda ya tsaya, madubin ya yi. A maimaita a ɗaya gefen. In yaron ya ɓace a wani wuri, to, nan ne wata rana wani zai ɓace.

Kyamarar baya: amfaninta da iyakarta

Akwai wuri guda da babu madubin da zai nuna shi, komai tsawon hannunsa: bayan tirela daidai. Nan ne yaro yake fakewa don inuwa, nan ne akuya take kwanciya. Don wannan wuri aka ƙera kyamarar baya, ƴar ƙaramar na'ura da ake kafawa a wutsiyar tirela, ta aiko da hoto zuwa wani allo a gaban direba. Amurka ta wajabta ta ga sababbin ƙananan motoci tun watan Mayu 2018, Tarayyar Turai kuma ta wajabta na'urar gano abin da ke baya ga dukan sababbin motoci tun Yuli 2024. Kyamarar da ta zo tare da mota, da zarar an ɗaura tirela, ba ta ganin komai sai maƙatar ja. Tana taimako wajen haɗa tirela, amma ana bukatar ta biyu a can baya.

Mai saye zai iske iri biyu. Mai waya tana da wahalar sawa, domin sai an ja wayar daga baya har gaba, an kuma yi mata mahaɗi inda ake kwance tirela. Amma hotonta ba ya yankewa. Marar waya tana da sauƙin sawa, sai dai a doguwar tirela ta ƙarfe hotonta kan tsinke ko ya makara. Ga tirelar da ke aiki kullum, mai waya ta fi aminci.

A duba abu huɗu kafin a biya kuɗi. Na farko, alamar IP67 ko IP68, wadda ke nuna ƙura ba ta shiga, ruwa ma ba ya ɓata ta. Na biyu, ƙarfin wuta: ƙananan motoci suna aiki da bolt 12, manya da 24, kuma haɗa na'ura da wutar da ba tata ba yana ƙone ta. Na uku, ganin dare, domin lodi da saukewa sukan kai bayan magariba. Na huɗu, faɗin gani: wadda ta kai wajen digiri 120 ta isa, wadda ta fi haka sosai tana lanƙwasa hoto, nisa ya rikice.

Amma kada a ɗora wa kyamara abin da ba za ta iya ba. Lokacin tattasai shi ne lokacin hunturu, ƙura kuma tana rufe idon na'urar cikin tafiya kaɗan. Sai an riƙa goge shi da tsumma mai laushi a kowace tsayawa. Rana in ta yi ƙasa tana kashe hoton. Allon ma yana iya zama tarko. Motar da ke gudun kilomita 60 a awa tana cin kusan mita 17 a kowace daƙiƙa. Direban da ya ƙura wa allo ido daƙiƙa 2 ya yi tafiyar fiye da mita 30 bai dubi gabansa ba. Wanda kuɗinsa bai kai na biyun ba, madubi zai fara saye.

Yaron mota da nauyin ma'aikatu

Tun kafin zuwan waɗannan na'urori, yaron mota ne idon direba na baya, har yanzu kuma ba a yi abin da ya maye gurbinsa ba. Sai dai aikin yana da ƙa'ida. Kafin a ja da baya, a zagaya mota a leƙa ƙarƙashinta. Yaron ya tsaya a gefen direba, inda madubi ke nuna shi, kada ya shiga tsakanin tirela da bango. Su daidaita kan alamun hannu tun farko. In direba ya daina ganinsa, ya taka birki nan take.

Shugabannin ma'aikatu da na ayyukan raya karkara su ma suna da rabonsu. Sau da yawa akan yi odar tankin ruwa ko injin wuta mai tayoyi, a manta da motar da za ta ja shi. Ya kamata takardar oda ta ƙunshi madubin ƙari, da fitilun baya, da kyamara in hali ya yi, tun ranar saye. Masu binciken lafiyar motoci da jandarmomin hanya da hukumar kiyaye haɗurra ta ANISER suna iya yin gwajin taku 20 cikin minti biyu. Ƙungiyoyin manoma masu tarakta ɗaya ta haɗin gwiwa suna iya cire kuɗin madubi daga asusun gyara. Malaman karatun manya kuwa suna da darasin lissafi a shirye: faɗin mota, faɗin tirela, a debe, a raba biyu.

Manomin Komadugu ya sha wuya kafin tattasansa ya shiga buhu. Ya yi ban ruwa wata da watanni, ya jure hanin ciniki na 2015 har aka ɗage shi a 2017, ya ga ruwa ya ci gonarsa ya sake shuka. Bai kamata dukiyar da aka samu da wannan gumi ta ƙare a haɗari a bakin kasuwa ba, balle ta zama sanadin ran ɗan maƙwabci. Madubi biyu nagari ba su kai kuɗin taya ɗaya ba. Kunne ya ji, jiki ya tsira.

Allah ya kiyaye matafiya, ya kai kowa gida lafiya.