Shirya Jikinka Kafin Doguwar Tafiya da Keke

Ɗan'uwa, in kana da doguwar tafiya da keke, kada ka tashi rana ɗaya ka kama hanya. Jikin da bai saba ba yakan gaji tun ba a kai rabi ba.

Fara horo mako 6 kafin tafiyar. Hau keke sau 3 a mako, da sassafe ko da yamma. Fara da rabin awa, kana ƙarawa kaɗan-kaɗan. Yi horon a irin hanyar da za ka bi. Kwalta tana da sauƙi, amma yashi da duwatsu da hawan tudu suna cin ƙarfi, kuma taya mai faɗi ta fi dacewa da su.

Gyara sirdi yadda in feda ta sauka ƙasa, gwiwarka za ta ɗan lanƙwashe kawai. Sirdin da ya yi ƙasa yana kawo ciwon gwiwa.

Sha ruwa tun kafin ka ji ƙishirwa. In fitsarinka ya yi ja, jikinka yana bukatar ruwa.

In ka ji jiri ko ciwon ƙirji, sauka nan take ka nemi inuwa, a kai ka asibiti. Mai hawan jini ko ciwon sukari ya ga likita kafin ya fara.